Bin Sawun Yaran Maigida: Koyon Sana'a a Zongon Lome

A shekarar 1977 gwamnatin Togo ta rushe Zongon Lome. Unguwa ce da ta daɗe a cikin gari, daga ita zuwa babbar kasuwa tafiyar ƙafa ce, sai aka kwashe mutanenta aka kai su wani fili mai nisan kimanin kilomita 15 a arewa, bakin titin da ya miƙe zuwa Sokode da Kara har Burkina Faso, yankin da yau ake kira Agoè-Zongo da Togblekope. A tsohon wurin manyan gine-ginen bankuna suka tashi. Ɗakunan da aka ture ana iya lissafa su. Mai wuyar lissafi shi ne zauren maɗinki nawa ya watse, yaro nawa ya rabu da maigidansa ana tsakiyar koyo, kuma sana'a nawa ce ta bi mutane zuwa sabon wuri ta sake kafuwa.

Tambayar ba ta tsaya ga tarihi ba. Yau da wuya ka sami gwamnatin da ba ta maganar koya wa matasa sana'ar hannu, ƙungiyoyin waje suna zuba kuɗi, kuma tun yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ake gada baki da baki, hannu da hannu, an ƙara wata murya mai cewa a ceci sana'o'in gargajiya kafin tsofaffi su ƙare. Mai ba da kuɗi kuwa dole ya so jin abin da kuɗinsa ya haifar. Daga nan aka shiga binciken tasirin koyon sana'a: me ya ƙara wa mai koyo, me ya ƙara wa mai koyarwa, me unguwa ta samu. A ganina yawancin masu wannan bincike idonsu yana kan gwani da kayan da ya yi, ko kan takardar shaida da kuɗin wata, alhali amsar tana wurin yaro, inda ya ƙare bayan shekara goma ko ashirin. Lome tana nuna haka ƙarara, domin tsari biyu na koyo ne suke zaune a birni ɗaya, ɗaya a rubuce, ɗaya a baki.

Na rubucen shi ne wanda duk Lome ta sani. Uba ya kai ɗansa ko 'yarsa wurin tela, kafinta, makanike ko mai gyaran gashi, a rubuta yarjejeniya, a sa hannu, a biya kuɗin shiga, a haɗa da kwalaben abin sha. A yanke shekara uku ko huɗu. Mai koyo ya ɗinka yunifom, ya riƙa sammako yana share shago. In wa'adi ya cika sai a yi bikin 'yantawa, maigida ya sa albarka a gaban jama'a, a miƙa takarda. Da yawa daga cikin waɗannan sana'o'i sun kafu ne tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka mai da Lome hedikwatarsu a 1897, kuma 'yan mishan na Katolika suka buɗe makarantar koyon sana'a a garin kafin yaƙin duniya na farko. Daga baya hukuma ta sa hannu: akwai majalisun masu sana'a na yankuna, akwai dokar sana'ar hannu ta 2012, akwai jarrabawar kammala koyo da ake kira CFA. Mai bincike yana jin daɗin irin wannan tsari, tunda komai da takardarsa. Fred Fluitman da Xavier Oudin sun bi ƙananan shagunan Lome a wani aiki na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ya fito a farkon shekarun 1990, suka ga mafi yawan masu shagunan a hannun wani maigida suka koyi aikinsu. Yves Marguerat, wanda ya daɗe yana nazarin tarihin birnin, ya yi rubutu a 1996 kan yadda ake ci da gumin masu koyo a Togo. Kuma maganarsa tana kan hanya. Inda kuɗin shiga da na biki suka yi tsada, wani maigidan da yawan yaran da ya tara yake cin abinci, aikin hannunsa ya koma na biyu, kuma akan sami wanda ya ƙware tsaf amma ya ƙara shekara yana aikin banza don ba shi da kuɗin biki.

A Zongo kuwa, a al'adar da aka gada, ba a rubuta komai. Uba ko kawu ya riƙo hannun yaro ya kai shi zaure ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, amana na kawo maka." Maigida ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa." A shafa fatiha, a raba goro, shi ke nan. Ba kuɗin shiga, ba ranar gamawa. Sau da yawa a gidan maigida yaro zai ci ya kwana, shi zai yi masa kayan salla, shi zai kai shi asibiti. Abin da kowa ya sani ba tare da an faɗa ba shi ne, in lokaci ya yi maigida zai tsaya masa a maganar aure, ya ba shi jari ko keken ɗinki ko teburin nama, ya sallame shi. Yau matasan Zongo da dama suna shiga tsarin yarjejeniya su ma, musamman a kanikanci da walda da gyaran waya, amma fawa da ɗinkin hannu da wanzanci da dukanci da dillancin dabbobi har yanzu tsohuwar hanya ce ta fi rinjaye a cikinsu.

Wanda ya fi kowa bayyana ƙashin bayan wannan hanya a Lome shi ne Michel Agier, Bafaranshe masanin zamantakewa, wanda ya zauna a sabon Zongo jim kaɗan bayan tashin, ya fitar da littafi a 1983 kan manyan 'yan kasuwar unguwar. Fatake da masu harkar shanu ya fi bi, amma abin da ya gano ya shafi kowace sana'a: harka tana tafiya ne a kan maigida da mutanensa, 'ya'yan cikinsa da surukansa da yaransa, kuma dukiyar mutum ba ta rabuwa da yawan waɗanda suka dogara da shi. Abner Cohen ya ga haka a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969. Baƙo ya kawo shanu daga arewa ya sauka gidan maigida, a sayar wa mahauta bashi, ba takarda ba jingina, sunan maigida ne kaɗai ya tsaya a tsakani. A irin wannan duniya, yaron da ya iya fiɗa amma ba a yarda da shi ba bai koyi komai ba tukuna. Hannu rabin karatu ne, sauran rabin shi ne mutane su san ɗan gidan wane ne kai.

Mu zauna yini ɗaya a zauren mai ɗinkin hannu mu gani. Babbar riga tana shimfiɗe a tabarma, mai zane ya riga ya fitar da aska takwas a kan aljihu, ga tambari a ƙirji da baya. Maigida ya jingina da bango, ya ɗora ƙyallen a gwiwa, allura tana shiga tana fita. Rediyo yana magana, baƙi suna shigowa ana gaisawa, hannunsa bai tsaya ba. Sabon yaro ba ya taɓa rigar. Aikinsa warware zare, zura shi a allura, sayo shayi, kai riga wurin mai guga, karɓo cikon kuɗi wurin wanda ya yi alkawarin yau. Sai an yi wata da watanni a ba shi ƙyalle ya yi ta cikewa, daga nan hula, daga nan wani lungu na rigar da ido ba ya saurin kaiwa. Ba mai zaunar da shi ya yi masa bayani. In ɗinkinsa ya karkace, maigida ya karɓa ya ɗaga wajen haske, ya sa reza ya farke, ya miƙa masa ya ce, "Sake." Ranar da aka bar shi ya taɓa wuyan riga, kowa a zauren ya san an wuce wani mataki, ko da ba wanda ya furta.

To, a ce ga mai bincike ya shigo da takardar tambayoyi, ya ce wa wannan yaro, awa nawa ake koyar da kai a mako? Yaro zai ce ba a koyar da shi. Sai a rubuta cewa babu koyarwa, akwai aike da shara. Jean Lave, Ba'amurkiya, ta je wa telolin Vai da Gola na Manrobiya a shekarun 1970 da kusan irin wannan zato, zama da su ne ya sauya mata tunani. Ta ga akwai manhaja, sai dai daga ƙarshe take farawa: guga da sa maɓalli da kalmasa, sannan haɗa ɗinki, yanka kuwa sai can ƙarshe, domin a nan ne kuskure yake cinye yadi. Yaro yana fara sanin yadda gamammen aiki yake a hannu kafin a bar shi ya ɓata ɗanye. Littafin da ta rubuta da Etienne Wenger a 1991 ya sauya yadda masana ilimi suke kallon koyo a duniya, kuma daga rumfunan telolin Afirka ta Yamma ya samo tushe. Trevor Marchand ya ƙara gaba, ya shiga cikin maginan Jenne a Mali ya yi aikin lebura tare da su kafin ya rubuta nasa a 2009. Duk wanda zai auna abin da zauren Zongo yake bai wa yaro, sai ya yarda ya ɓata lokaci irin haka.

Kan sana'o'in Hausa kansu ba a rasa rubuce-rubuce ba. David Heathcote ya yi aiki kan ɗinkin riguna a Zariya, Philip Shea kan rini a ƙasar Kano, Philip Jaggar kan maƙeran birnin Kano, David Ames kan makaɗa da maroƙa. M. G. Smith tun 1959 ya nuna yadda Hausawa suke bambanta sana'ar gado da ta shigege, da yadda wannan yake shafar darajar mutum. Sai dai waɗannan ayyuka a gida aka yi su, inda unguwa guda takan zama ta maƙera ko ta marina kaka da kakanni. Zongo mazaunin baƙi ne. Ɗan gado yana nan, amma wanda ya shigo da rana tsaka ya fi yawa, kuma ba lalle Bahaushe ba ne: ga Zabarmawa, ga Fulani, ga Kotokoli daga Sokode, ga Mosi, ga Yarbawa. Enid Schildkrout ta nuna a littafinta na 1978 yadda 'ya'yan Mosi a Zongon Kumasi suke tashi da Hausa a bakinsu. A nan ne nake ganin babban tasirin koyon sana'a ga al'umma yake, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Saurayin da ya sauka daga mota bai san kowa ba, in ya sami tukubar mai tsire da za ta karɓe shi, ya sami wurin kwana, ya sami harshe, ya sami sahu a masallaci, ya sami wanda zai je belinsa in ya shiga hannun 'yan sanda, ya sami waliyyi ranar aurensa. Unguwar da ba ta da ofishin karɓar baƙi, zaure da kwata da rumfa su ne suke yi mata wannan aiki.

Fawa ta fi kowace sana'a nuna haka. Yaron mahauci da wankin kayan ciki da ɗaukar nama yake farawa, sai fiɗa, sai sara, sai zaman tebur. Ranar da maigida ya tafi da shi kasuwar shanu ya ce ya duba wancan bijimin ya faɗi abin da zai bayar, an zo ƙarshen karatu. Zai zagaya shi, ya taɓa ƙirji, ya matsa gindin wutsiya, ya faɗi kuɗi. In ya yi sama, asara ta hau gidan. In ya yi ƙasa, dillali ya yi masa dariya. Daga ranar da idonsa ya daidaita, aka kuma fara ba shi sa bashi da sunansa, ya zama mahauci.

Masana tattalin arziki sun shigo wannan fage da nasu ma'auni, kuma bai kamata a raina su ba, domin sun tambayi abin da masu son al'ada suke jin nauyin tambaya: shin yana biya? Garth Frazer ya duba Gana a 2006 ya ga abin da yaro yake koya salon maigidansa ne takamaimai, don haka ribarsa tana fitowa ne in ya buɗe nasa wurin, abin da ke nufin sai da jari. Morgan Hardy da abokan aikinta sun bi shirin gwamnatin Gana na koyon sana'a, inda aka zaɓi masu shiga ta hanyar ƙuri'a don a iya kwatanta su da waɗanda ba su samu ba. Rahotonsu na 2019 ya nuna shirin ya janye matasa daga aikin albashi zuwa aikin kansu, amma a farkon lamari abin da suke samu bai cike gurbin albashin da suka bari ba, sai dai waɗanda suka faɗa hannun ƙwararrun iyayen gida sun fi samu. A Kodebuwa, Bruno Crépon da Patrick Premand sun auna wani shiri da ya haɗa zaman shago da darasin aji da ɗan alawus, suka ga bayan shekara huɗu masu shiga sun fi takwarorinsu samun kuɗi da kimanin kashi 15 cikin 100.

Darasi biyu na ɗauka daga nan: wanda ya koya maka ya fi tsarin da aka bi muhimmanci, kuma koyo ba jari rabin tafiya ne. Mutanen Zongo sun daɗe da sanin duka biyun, shi ya sa uba yake bincike kafin ya miƙa ɗansa, shi ya sa kuma sallama take tafe da jari. Amma ma'aunin kuɗin wata a shekara ta biyu ko ta huɗu ba zai kama abin da yaron Zongo yake jira ba. Ladan nasa a dunƙule yake zuwa, kuma a makare: sadaki, ɗaki, keke, da ƙofar bashi a wurin manyan kasuwa. Duk waɗannan ana iya ƙirga su in an tambaya. Shekara nawa ka yi kafin a sallame ka? Da me aka sallame ka? Wa yake ba ka kaya bashi yau, kuma ta hannun wa ka san shi? Yara nawa ne a hannunka?

Akwai wani rami da masu ƙaunar al'ada suke faɗawa, kuma ina jin tsoronsa fiye da na masu lissafi. Mai bincike ya je wurin gwanaye biyar ko goma, kowa ya ba shi labarin maigidansa mai tsanani mai albarka, ya dawo ya rubuta cewa tsarin yana gina mutum. Ai waɗanda suka kai gaci kaɗai ya gani. Ina yaran da suka fara tare da su? Wasu suna kan babur suna zemijan, wato acaɓa, wasu suna dako a tashar jiragen ruwa, wasu suna bin manyan motocin da ke tsayawa a Terminal du Sahel kafin su nufi Wagadugu da Yamai. A cikinsu akwai wanda rashin haƙuri ya kora, akwai kuma wanda ya yi shekara goma sha biyar yana bauta, maigida yana ce masa "bari a ga bayan salla," har gemu ya fito ba sallama. Shi ba shi da takardar da zai kai ko'ina, kuma kunya ba za ta bar shi ya kai ƙarar wanda ya ci tuwon gidansa ba. Akwai maigidan da yake ɓoye asirin aiki sai ga ɗan cikinsa. Akwai duka da ya wuce horo. Akwai yaron da aka cire daga makaranta a ƙasar da komai na hukuma da Faransanci ake yinsa, ya girma ba ya iya karanta takardar harajin shagonsa. Amana tana da daɗin faɗi, amma in ta karye ƙaramin ne yake kwana a ciki. Kuma ba duk abin da aka gada ne ya cancanci a miƙa ba: a cikin zabirar wanzami akwai aski da ƙaho da sanin jiki, akwai kuma cire beli da yankan gishiri, waɗanda likitoci suka daɗe suna nuna illarsu.

Sai mata. Mai bincike namiji a zaure yake tsayawa, rabin sana'ar Zongo kuwa tana bayan zaure. Kitso, lalle, haɗa turaren wuta, ɗinkin hula, tuyar masa da ƙosai, damun fura: duk koyonsu ake yi, a hannun uwa ko goggo ko uwar riƙo, kuma yarinyar da ke talla tana koyon lissafi da sanin mai biya da mai cin bashi tun kafin ta iya girki. Schildkrout ta yi nazarin wannan a Kano a shekarun 1970. In ana maganar mata da kasuwa a Lome, Nana Benz masu atamfa ake ambata, kuma sun cancanta, amma matar da ta yaye 'yan mata goma a kan kaskon masa ba ta cikin kowane lissafi. Aikin Elisha Renne a birnin Zariya ya isa gargaɗi: ɗinkin hannu na manyan riguna, wanda a da aikin maza ne, mata sun shige shi sosai daga cikin gidajensu a ƙarshen ƙarnin da ya wuce. Wanda ya ƙirga zauruka kaɗai zai ce sana'ar tana mutuwa, alhali ciki ta koma.

Duk wannan kuwa a kan kasuwa yake tsaye. Maigidan da ba a kawo masa aiki ba zai iya ciyar da yaro ba, balle ya sallame shi. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, marina da masaƙa ba sa bukatar shirin ceto. Maɗinkin Zongo na yau yana fama da abin da ya fi ƙarfinsa: karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, gwanjon da ya cika kasuwar Hedzranawoe, yadin Sin da ke sauka a tashar jiragen ruwan Lome, gobarar babbar kasuwa a Janairun 2013, ga keken surfani, ga na kwamfuta mai gama a yini abin da hannu zai yi wata yana yi. Abin da ya riƙe ɗinkin hannu shi ne salla da aure da suna da naɗin sarauta da dawowar alhazai, wato mutanen da har yanzu suke jujjuya wuyan riga su duba bayan ɗinki kafin su yi ciniki. Da UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerinta na al'adun da ake gada a 2024, dawaki da mahaya aka gani a hoto, amma baduku da maƙeri da mai algaita su ne suke ci daga hawan. Togo ta fara babbar kasuwar baje kolin sana'ar hannu, MIATO, a 2019, kuma abu ne mai kyau, sai dai cinikin kwana goma ba ya riƙe yaro shekara biyar.

Wasu ƙasashe sun zaɓi su biya. Japan, bisa dokarta ta 1950, tana ware gwanaye tana ba su kuɗi duk shekara don su koyar. Faransa tun 1994 tana naɗa gwani ta haɗa shi da ɗalibi guda. Jihohin Amurka da dama suna ba da ɗan tallafi ga gwani da mai koyo su yi wasu watanni tare. Abin koyi a nan shi ne mutum biyu ake tallafa wa, da sharaɗin miƙa ilimi. Amma in za a kawo irinsa Zongo sai an yi hattara, domin ranar da maigida ya fara karɓar kuɗi a kan kowane yaro, an buɗe ƙofar da Marguerat ya yi kuka da ita, kuma nauyin aure da jari zai iya sauka daga wuyansa tunda an mai da abin haya.

Hanyar binciken da na fi gamsuwa da ita a cikin gida take. Malamanmu ba sa karɓar karatu sai da salsala: wane ya karanta wurin wane, shi kuma wurin wane. Ivor Wilks ya tattara irin waɗannan takardu a hannun malaman Wangarawa, ya fitar da tarihin yaɗuwar ilimi a wannan yanki a 1968. Masu sana'a ba su rubuta tasu ba, amma tana bakinsu. A zauna da tsohon maɗinki ko Sarkin Fawa a ce, "Baba, wa ya koya maka? Su wa kuka zauna tare? Su wa suka bi ta hannunka?" Sannan a bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya koma Kwatano ko Akara ko Maraɗi, har wanda ya bar sana'ar, musamman ma shi. Waɗanda suke yara lokacin tashin Zongo yanzu sun manyanta, kuma a bakinsu ne za a ji wace sana'a ce ta jure nisa da kasuwa, wace ce ta kasa. Wannan aiki ɗan unguwa ne zai fi iya shi, kuma yana da magabaci. Alhaji Umaru Salaga, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna Kete-Krachi lokacin tana ƙarƙashin Togon Jamus har ya rasu a can a 1934, ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanin ƙasar Hausa da ajami, da noma da fatauci da sana'o'inta, abin da Douglas Ferguson ya fassara a 1973 kuma masana suke sha daga gare shi har yau. Ɗaliban Zongo da ke Jami'ar Lome, maza da mata, suna da harshen, suna da izinin shiga gida, ga waya mai ɗaukar murya a aljihu.

In irin wannan bincike ya tabbatar da abin da ake gani da ido, wato tsarin yana gina waɗanda aka sallama yana kuma cinye ƙuruciyar waɗanda aka riƙe, to gyaran ba sai an jira doka daga ma'aikata ba. Aure ma da baki ake ɗaura shi, amma ana faɗin sadaki a gaban shaidu. Ranar da aka kawo yaro, bayan fatiha, ana iya faɗin shekarun da zai yi da abin da za a sallame shi da shi, a gaban liman da shugaban masu sana'ar, a kuma bar masa sa'o'in makaranta. Majalisun masu sana'a su kuma su karɓi shaidar waɗannan dattawa, su bar yaron da ya koyi surfani ko dukanci a zaure ya zauna jarrabawar CFA da allurarsa da wuƙarsa, a yi masa tambayoyin da Hausa ko da harshen da ya fi ji.